Abubuwan Da Ya Kamata A Duba Idan An Kawo Sabuwar Ƙaramar Tarakta

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma da dama sun karkata ga sayen ƙananan taraktoci, wato masu ƙarfin doki 20 zuwa 50 ko kusa da haka, domin noman gonakinsu da kuma bayar da haya ga ƙananan manoma. Dalili kuwa shi ne ƙaramar tarakta ta fi babba sauƙin kuɗi, ba ta shan mai da yawa, kuma tana iya shiga gonar da ba ta wuce eka biyu ko uku ba ta juya ba tare da ta yi ɓarna ba. Duk da haka kuɗinta ba na wasa ba ne, miliyoyin naira ne, kuma sau da yawa da rancen banki ko karo-karon ƙungiya ake haɗa su.

Galibin waɗannan taraktoci daga ƙasashen waje suke zuwa, kamar Indiya da Sin da Japan da ƙasashen Turai. Sukan yi makonni a jirgin ruwa, su yi zaman jira a tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas, wasu ma a wargaje suke isowa sai dila ya harhaɗa su, sa'an nan a ɗora su a tirela su yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 idan Kano za su. A cikin wannan doguwar hanya noti kan kwance, batir kan sauka, tiyo kan goge, wani ƙarfe kan ɓace. Shi ya sa matsalolin da sabuwar tarakta kan nuna a makonnin farko sukan kasance na jigila ne da harhaɗawa, kuma akasarinsu ana iya gano su a rana ɗaya idan an san inda za a duba.

A arewacin ƙasar nan lokacin gyaran gona 'yan makonni ne kacal a farkon damina. Wanda taraktarsa ta tsaya a wannan lokaci yana jiran kayan gyara, to ya yi asarar cinikin shekara, banki kuwa ba zai fasa neman kuɗinsa ba. Don haka hikima ita ce a karɓi tarakta tun da rani, a bincika ta a tsanake, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a sa hannu a takarda

Takardar shaidar karɓar kaya tana da nauyi ƙwarai. Da zarar mai saye ya sa mata hannu ba tare da ya rubuta wani ƙorafi ba, ya amince ke nan cewa kaya sun iso lafiya, kuma duk lahanin da ya gani daga baya zai sha wahala kafin ya tabbatar ba shi ya jawo shi ba. Saboda haka a nemi a kawo tarakta da rana, a kuma tanadi makanikin da ya san taraktoci ya tsaya tare da mai saye.

Tun tana kan tirela a zagaya ta, a ɗauki hotonta ta kowane ɓangare. A duba fitilu da murfin inji da salansa, a kuma duba wuraren da aka ɗaure ta da sarƙa ko an lanƙwasa wani ƙarfen sitiyari ko an matse wani tiyo. A leƙa dandamalin tirelar a ƙarƙashinta, domin ɗigon mai a wurin yana nuna yoyo.

Bayan an sauke ta, a gwada lambar inji da lambar shasi da ke jikinta da waɗanda ke rubuce a rasit da takardar garanti. Idan harafi ɗaya ya saɓa, a gyara takardar nan take, domin da wannan lamba ake neman garanti da inshora da kayan gyara, da ita kuma ake cigiya idan an sace ta. A dubi agogon da ke ƙirga awoyin aiki. 'Yan awoyi kaɗan na gwaji ba laifi ba ne, amma idan an ga awoyi masu yawa, sai dila ya yi bayani a rubuce. Haka nan a ƙirga duk abin da aka biya kuɗinsa: makullai, littafin umarni cikin harshen da ake iya karantawa, akwatin sifanu, sandar haɗi ta sama, ƙarfen jan tirela, ƙusoshin haɗi, da kowane kayan aiki da aka yi ciniki a kansa. Abin da ya ɓace ko ya lalace a rubuta shi a jikin takardar, direban da ya kawo kayan ya sa hannu.

Yana da kyau kuma tun wajen ciniki a tambayi dila ko cibiyar bunƙasa aikin gona da injuna ta ƙasa, NCAM, da ke Ilori a Jihar Kwara, ta gwada irin wannan samfuri, domin gwajin taraktoci da kayan aikin gona yana cikin ayyukanta.

Mai da ruwa

Kada a murɗa makulli sai an duba mai da ruwa gaba ɗaya, tarakta tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, inji kuma a sanyaye. A zaro gejin baƙin mai a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomin nan biyu. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, kada a tayar da injin. A duba ruwan lagireto, da man giya wanda a yawancin ƙananan taraktoci shi ne kuma man haidirolik, da man gatarin gaba idan tarakta mai jan ƙafa huɗu ce.

A buɗe gidan matatar iska a tabbatar matatar tana nan kuma ta zauna daidai, murfin ya rufu ruf. A ƙasa mai ƙura irin tamu, injin da ke shaƙar iska ta gefen matata ba ya daɗewa yake cinye kansa. A dubi ɗan kofin nan mai sheƙi da ke ƙarƙashin matatar man dizal, in akwai ruwa ko laka a tsiyaye. A danna fambel da yatsa a ji ko ya yi sako-sako. Sa'an nan a bi kawunan giris ɗaya bayan ɗaya kamar yadda littafi ya zana su, a ɗura har sai sabon giris ya leƙo.

Akwai wani abu da masu shigo da tarakta da kansu daga Amurka ko Turai ya kamata su sani. Yawancin sababbin taraktocin can masu ƙarfin doki fiye da 25 suna ɗauke da na'urar tace hayaƙi a salansa, wadda aka ƙera don man dizal mai ƙarancin sinadarin sulfa ƙwarai. Idan aka riƙa ba ta man da bai kai wannan tsabta ba, na'urar kan toshe, ƙarfin inji ya ragu, gyaranta kuma akwai tsada. A tambayi wannan tun kafin a biya kuɗi.

Tayoyi da notuna da batir

Sau da yawa akan cika tayoyi da iska fiye da kima saboda jigila. Tayar baya da ta yi tauri da yawa ba ta kama ƙasa, sai ta riƙa sulɓi tana cin mai a banza. A auna da geji a daidaita da abin da littafi ya ce, hagu da dama su zama ɗaya. A dubi kibiyar da ke gefen taya a tabbatar ba a juya ta ba wajen ɗaurawa. Idan taraktar tana ba da damar faɗaɗa tsakanin tayoyi, a daidaita shi da tazarar kunya. Inda ake yin kunya da tazarar santimita 75, kamar yadda aka saba ga masara da dawa da wake, tazarar santimita 150 tsakanin tayoyi ita ke sa su bi kwari ba tare da taka shuka ba.

Notunan tayoyi kuwa a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, a kuma sake bin su bayan awoyin aiki na farko, domin fenti da ke tsakanin ƙarafa yana murjewa su saki. Notin da ya yi sako-sako yakan faɗaɗa ramin wili, wannan kuwa dila yakan ce sakaci ne. Haka za a yi wa notunan da ke riƙe da firam ɗin bokitin gaba idan akwai shi.

Batir mai cikakken caji yakan nuna kimanin bolt 12.6 inji yana kashe, ya kuma hau zuwa wajen 14 idan inji yana aiki. Idan bai hau ba, to altaneta ba ta caji, ko fambel ya saki. A tabbatar kawunan batir sun ɗauru kuma babu tsatsa.

Tayar da inji karo na farko

Direba ya zauna a kujera, giya tana firi, birkin hannu a ɗaure, sandar juya kayan aiki ta baya a kashe. Idan an buɗe makulli fitilun gargaɗi na mai da na caji za su kama, kuma dole su mutu cikin 'yan daƙiƙu bayan inji ya tashi. Idan fitilar mai ta ƙi mutuwa a kashe injin nan take. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere. A huta ta huce kafin a sake.

A bar inji ya ɗumama, ana sauraren ƙararsa ana kallon hayaƙi. Daga nan a gwada kowace giya gaba da baya a fili, a gwada kuloci, a murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare. Tarakta tana da fedar birki biyu, ta hagu da ta dama. A gwada kowace ita kaɗai a hankali, sa'an nan a haɗa su da sakatarsu a ga ko suna kamawa tare. Duk lokacin da za a hau titi wajibi ne su kasance a haɗe, in ba haka ba taka ɗaya cikin gudu na iya kifar da tarakta. A gwada fedar da ke kulle tayoyin baya su juya tare, a tabbatar tana sakewa. A ɗaga hannuwan baya a sauke sau da yawa. Bayan kamar rabin awa a tsaya a kan ƙasa mai tsabta a sake neman yoyo. Kada a taɓa laluben yoyon haidirolik da hannu, domin man da ke fita da ƙarfi ta ƙaramin rami yana huda fata. A kara kwali a wurin.

Haɗa kayan aiki

Garma da haro da rija da injin shuka duk ana rataya su ne a wurare uku a bayan tarakta, hannuwa biyu a ƙasa da sanda ɗaya a sama, tsarin da Harry Ferguson ya ƙirƙira, wanda ya bazu a duniya daga taraktar da ya yi tare da kamfanin Ford a 1939. Wannan haɗi yana da aji-aji. Ƙananan taraktoci galibi aji na 1 ne, mai ƙusar ƙasa ta kimanin milimita 22 da ta sama milimita 19. Aji na 2 na manyan taraktoci ne, ƙusar ƙasa kimanin milimita 28, ta sama 25. A nan ake yawan yin kuskuren ciniki, mutum ya sayi garmar babbar tarakta don ya same ta da araha, alhali ƙaramar ba za ta iya ɗaga ta ba balle ta ja ta. A gwada nauyin kowane kayan aiki da ƙarfin ɗagawar da littafi ya ambata. Idan gaban tarakta yana yin sama in an ɗaga garma, a rataya ƙarafan nauyi a gaba. Idan kuma bokitin gaba ake aiki da shi, a sa nauyi a baya, a riƙa tafiya da bokitin ƙasa-ƙasa.

Bayan an rataya, a daidaita kayan aiki ya kwanta sosai: sandar sama ita ke daidaita gaba da baya, marikin hannun dama kuma hagu da dama. A ɗaure sarƙoƙin gefe yadda ba zai riƙa lilo yana bugun tayoyi ba. Kowace ƙusa a sa mata makullinta na asali, ban da waya ko guntun rodi.

Kayan aiki masu juyawa, kamar injin nuƙe ƙasa da injin sare ciyawa da injin feshi, suna samun ƙarfi ne daga sandar baya da makanikai ke kira PTO, wadda a ƙa'ida take juyi 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a kowace daƙiƙa. Abu uku ne za a kiyaye a nan. Na farko, akwatin giyar irin waɗannan injuna sau da yawa babu mai a ciki ake kawo shi, don kada ya zube a hanya. Wanda ya kunna bai duba ba zai ƙone shi cikin ɗan lokaci. Na biyu, sandar da ke haɗa su da tarakta a kan yi ta da tsawo don a yanke daidai da buƙata. Idan ta yi tsawo, ranar da aka ɗaga kayan aikin za ta tokare ta fasa gidan giya. Idan ta gajarta za ta zare tana juyawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ɓangarorinta biyu su shige juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu a lokacin aiki, a kuma bar 'yar rata a inda ta fi tsukewa. Na uku, akwai wata ƙusa da aka yi ta musamman don ta karye idan inji ya ci karo da dutse ko kututture. Idan ta karye a mayar da irinta. Wanda ya sa mai tauri ya mayar da asarar 'yan nairori ta koma ta dubbai.

Murfin robar da ke kan wannan sanda kada a cire shi ko kusa. Babbar riga da rawani da gyale ba su da wuri kusa da ita, domin kafin mutum ya ankara ta naɗe shi.

Matsalolin da aka fi gani da maganinsu

Idan an murɗa makulli ba a ji komai ba, kafin a zargi sitata a duba makunnan tsaro. Yawancin sababbin taraktoci ba sa tashi sai giya tana firi, PTO a kashe, an taka kuloci, wasu ma sai da mutum a kujera. Daga nan a duba kawunan batir da fis. Kada a yarda makaniki ya tsallake waɗannan makunnai da waya, domin hakan yana jawo haɗari kuma yana iya soke garanti.

Idan inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa, a duba famfon da ke ƙarƙashin tanki ko a rufe yake, da maɓallin kashe inji ko an mayar da shi. In duk lafiya, to mai yiwuwa iska ce ta shiga hanyar mai, abin da kan faru idan tanki ya ƙafe. Akan sassauta notin fitar da iska a kan matata, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sa'an nan a ɗaure.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙi yana nufin matatar iska ta toshe ko an yi wa inji lodi fiye da ƙarfinsa. Shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, wataƙila an cika shi ya wuce alama. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa a cikin mai, ko man da ba ya ƙonewa sosai.

Idan inji yana zafi, a fara duba ragar gaban lagireto, domin ƙaiƙayi da ciyawa kan toshe ta, sai fambel, sai ruwa. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Idan hannuwan baya sun ɗaga sun ƙi sauka, akwai wani marfi a ƙarƙashin kujera mai daidaita saurin sauka, sau da yawa a rufe ake kawo shi. Idan sun ƙi ɗagawa ko suna karkarwa, a duba man haidirolik da matatarsa. Idan bokitin gaba ya ƙi motsi, a kashe inji, a kaɗa sandar sarrafa shi ta kowane ɓangare don matsin ya sauka, a cire kawunan tiyo a goge, a mayar har su shige sosai.

Duk abin da ya wuce waɗannan, musamman famfon nozul da cikin inji da cikin giya, kada a bari a buɗe. A sanar da dila a rubuce, da kwanan wata da adadin awoyi da hoto.

Awa 50 na farko da batun garanti

Yawancin kamfanoni suna sa sabis na farko a awa 50, inda ake canza baƙin mai da matatunsa domin fitar da ɓurɓushin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Kafin lokacin a riƙa ba ta aiki matsakaici, ana sauya nauyinsa, ba a barin ta tana ta ƙara a tsaye, ba a kuma danne ta da aikin da ya fi ƙarfinta. A karanta takardar garanti da kyau a san shekara nawa ce ko awa nawa, wanne ya riga cika, wa ke biyan kuɗin zuwan makaniki, kuma ko sharaɗi ne dila ya yi sabis ɗin da kansa. A buɗe littafi na musamman a riƙa rubuta awoyi da man da aka sha da gyaran da aka yi, a adana rasit. Wannan littafi shi ne hujja ranar jayayya, shi ne kuma ke ɗaga darajar tarakta ranar sayarwa. Idan dila ya ƙi cika alkawari, ana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Tun ranar karɓa a sayi matatun mai da na iska da fambel da fis da ƙusoshin karyewa a ajiye. Man dizal kuma a saye shi a inda aka amince, a bar shi ya kwanta a duro mai tsabta kafin a ɗiba, kada a zuba shi a mazubin da aka shafe da tutiya, kada kuma a gauraya shi da kananzir.

Daga ƙarshe, dukiyar nan duk a hannun direba take. A sa dila ya koya masa a gaban mai ita, ya san cewa ba a ɗaukar fasinja a kan tarakta, ba a ɗaura abin ja sai a ƙarfen da aka tanada a ƙasa, domin ja daga sama da gatari yana iya tuntsurar da ita ta baya, kuma ƙarfen kariya da ke bayan kujera yana amfani ne idan yana tsaye an kuma ɗaura bel. Binciken da aka zayyana a nan bai wuce aikin yini ɗaya da ladan makaniki ba, kuma ɗan kasuwar da ya yi shi kafin ruwan farko ya sauka zai shiga damina da tarakta mai aiki da takardu cikakku a hannunsa.